Ma'aunin aikin magajin gari: me doka ta danƙa a hannunsa?

Duk lokacin da magajin garin wani babban birni ya sauka, sai jama'a su rabu biyu. Magoya baya su ce shi ya rage kashe-kashe, shi ya gyara lafiyar al'umma. 'Yan adawa su ce a zamaninsa ne 'yan sanda suka addabi talaka, kuma ya tafi ya bar bashi. Kafin a shiga wannan ja-in-ja, akwai tambayar da ta kamata a fara da ita: cikin abubuwan nan, wanne ne doka ta sa a hannunsa? Birnin Niyok na Amurka ya dace da wannan bincike, domin ikon magajin garinsa a rubuce yake cikin kundin dokokin birnin, kuma shekaru 12 na Michael Bloomberg, daga 2002 zuwa ƙarshen 2013, sun bar alƙaluma da hukunce-hukuncen kotu da kowa zai iya dubawa.

Kujerar tana da ƙarfi. Magajin gari ne ke naɗa kwamishinan 'yan sanda, yana kuma iya sauke shi ba tare da neman yardar majalisa ba. Shi ke naɗa kwamishinan lafiya, shi ke rubuta daftarin kasafin kuɗi. Majalisar birni mai kujeru 51 ce ke yin dokokin birnin da amincewa da kasafin. Idan ya hau kujerar-na-ƙi a kan wata doka, sai 'yan majalisa 34 sun haɗu kafin su tsallake shi. To amma masu gabatar da ƙara na gundumomin birnin biyar zaɓensu ake yi, haka ma kwanturolan da ke bin diddigin kuɗi. Dokar laifuka da ta beli daga majalisar jiha da ke Albany suke fitowa, jiragen ƙasa na birnin ma hukumar jiha ce ke tafiyar da su. Wanda ya zargi magajin gari don an ba wani beli, ya kai ƙara inda ba a nan ake sauraronta ba.

Harkar 'yan sanda ce tasa kai tsaye, kuma a nan aka fi yin kuskuren lissafi. A 1990 an kashe mutum 2,245 a Niyok. A 2001, in aka cire harin 11 ga Satumba, adadin ya sauko zuwa 649, sannan a 2013 ya kai 335. Raguwar gaskiya ce, sai dai mafi yawanta ta faru kafin Bloomberg ya hau, kuma a shekarun 1990 laifuka sun ragu a kusan dukkan manyan biranen Amurka, har da waɗanda ba su bi salon Niyok ba. Don haka ba ya wadatarwa a ce adadi ya sauka. Sai an gwada birnin da takwarorinsa a shekaru iri ɗaya, an kuma lissafa kisan bisa kowane mutum 100,000, tunda yawan jama'a yana canzawa.

Akwai dalilin da ya sa masana suka fi dogara da adadin kisan kai: gawa ba ta ɓuya, kuma ana iya gwada lissafin 'yan sanda da takardun shaidar mutuwa na ma'aikatar lafiya. Sauran laifuka kuwa suna taɓuwa. Tun 1994 rundunar ke amfani da tsarin CompStat, inda ake titsiye kwamandan kowane yanki a kan adadin manyan laifuka bakwai. A dokar jihar, satar abin da ya haura dala 1,000 babban laifi ce, tana shiga wannan lissafi. Wadda ba ta kai haka ba ƙaramar sata ce, ba ta shiga. Ke nan idan aka sace kwamfutar dala 1,200, mai rubuta rahoto ya ƙiyasta ta a 900, laifin ya ɓace daga allo alhali mai kayan yana nan da asararsa. A 2010 wata jarida ta fitar da maganganun da wani ɗan sanda ya naɗa a asirce a ofishin yanki na 81 da ke Brooklyn, binciken rundunar da kanta kuma ya tabbatar ana rage girman laifuka a wurin. Duk wanda ya ga manyan laifuka na sauka yayin da ƙananan danginsu ke hawa, ya kamata ya tsaya ya duba da kyau.

Sai batun tsayar da mutum a titi a caje shi. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1968, a shari'ar Terry da jihar Ohio, ya halatta wa ɗan sanda ya tsayar da mutum na ɗan lokaci idan yana da zargi mai tushe, wanda zai iya faɗin dalilansa, cewa mutumin ya aikata laifi ko yana shirin aikatawa. Cajewa mataki ne na daban mai sharaɗinsa: sai in yana da dalilin jin cewa mutumin na ɗauke da makami, kuma iyakarta shafa tufafi ta waje. A Niyok ɗan sanda kan cike fom bayan kowace tsayarwa, ya sa alama a kan dalili. Dalilan da aka fi zaɓa su ne “motsi irin na marar gaskiya” da “unguwa mai yawan laifi”, kalmomin da za su iya hawa kan kowane saurayi da ke tsaye a ƙofar gidansu.

Tsayarwar ta tashi daga kusan 97,000 a 2002 zuwa fiye da 685,000 a 2011. A shari'ar Floyd, wato ƙarar da aka kai birnin kan wannan tsayarwa, alƙaliya Shira Scheindlin ta duba tsayarwa miliyan 4.4 da aka yi tsakanin 2004 da tsakiyar 2012. Kashi 52 cikin ɗari baƙar fata ne, kashi 31 'yan asalin Latin Amurka, kashi 10 farar fata. Kashi 88 an sallame su ba kamu ba sammaci. Cikin waɗanda aka caje, kashi 1.5 kacal aka samu da makami. A watan Agustan 2013 ta yanke cewa yadda birnin ke yin abin ya saɓa wa gyara na 4 da na 14 na tsarin mulkin Amurka, wato kariya daga bincike marar hujja da daidaito a gaban doka. Mutane da yawa sun ɗauka ta haramta tsayarwa ne gaba ɗaya. Abin da ta yi shi ne naɗa mai sa ido, da umartar a gyara horo, a kuma gwada kyamarar da ake maƙalawa a jikin ɗan sanda. Bloomberg ya ɗaukaka ƙara, magajinsa Bill de Blasio ya janye ta a 2014.

Hujjar masu kare tsarin ita ce in aka daina, kashe-kashe za su dawo. An samu damar gwada wannan. A 2017 tsayarwar ba ta kai 12,000 ba, kisan kai kuma ya sauka zuwa 292. Wannan, a ganinmu, ita ce shaida mafi nauyi a duk muhawarar, domin ta nuna an ɗora wa dubban ɗaruruwan marasa laifi wulaƙancin da zaman lafiyar birnin bai dogara da shi ba. Bloomberg da kansa ya nemi afuwa a watan Nuwamban 2019. Akwai kuma wani shafi da ake mantawa da shi: rahoton da kwanturola ke fitarwa duk shekara na diyyar da birnin ya biya waɗanda suka kai ƙarar 'yan sanda. Kuɗin masu biyan haraji ne, kuma yakan fito shekaru bayan an yi laifin, wani lokaci a zamanin wani magajin garin.

A fannin lafiya, abin lura shi ne ta wace ƙofa aka shigo da doka. Hana shan taba a mashaya da gidajen abinci ta majalisar birni ya biyo a 2002, ya fara aiki a watan Maris na 2003, kuma ya zauna daram. A shekarar ta 2002 aka ɗaga harajin birnin a kan kwalin sigari daga santi 8 zuwa dala 1.50, da amincewar jiha. Manya masu shan taba sun ragu daga kashi 21.5 a 2002 zuwa wajen kashi 14 a 2010. Magajin gari ya cancanci yabo a nan, ko da yake jiha da gwamnatin tarayya su ma sun ƙara nasu harajin a tsakanin.

Ɗaya ƙofar ita ce hukumar lafiya ta birnin, mai mambobi 11 da magajin gari ke naɗawa. Ita ta hana gidajen abinci amfani da daskararren kitsen da ake sarrafawa a masana'anta a ƙarshen 2006, ta kuma tilasta wa manyan gidajen abinci masu rassa su rubuta yawan kalori a jikin jerin abincinsu. Waɗannan sun ɗore. Da aka zo 2012, hukumar ta ƙayyade cewa kofin lemon zaƙi kada ya wuce oza 16, wato ƙasa kaɗan da rabin lita. Ƙa'idar ta shafi gidajen abinci da silima da filayen wasa, amma ta bar kantunan da jiha ke kula da su, ta bar abin sha da madara ta rinjaya a cikinsa. Mutum na iya rasa babban kofi a gidan abinci ya samu a kantin da ke maƙwabtaka. Kotu ta dakatar da ita ana gobe za ta fara aiki, a Maris na 2013, sannan a Yunin 2014 babbar kotun jihar ta soke ta. Kotun ba ta ce sukari ba ya cutarwa ba. Ta ce hukumar da aka naɗa ta shiga hurumin majalisar da aka zaɓa. Magajin garin da ya kauce wa majalisa don gudun shan kaye, ya ɗauki kasadar a rushe masa aikin, kuma wannan ma yana cikin abin da za a auna shi da shi.

Tsawon rai kuwa, da ya ƙaru da kusan shekaru uku tsakanin 2001 da 2010, ba a jingina shi ga mutum ɗaya. Magungunan cutar ƙanjamau sun taimaka ƙwarai, cutar zuciya kuma takan ɗauki shekaru kafin amfanin wata doka ya bayyana a kanta. Gara a duba tazarar da ke tsakanin unguwannin talakawa da na masu hali, a ga ko ta ragu.

Kuɗi ne wurin da aka fi ruɗar mutane da kalmar “daidaitaccen kasafi”. A 1975 Niyok ta kusa tsiyacewa, jiha ta kafa dokar ta-ɓaci ta kuɗi da hukumar sa ido. Daga nan aka wajabta wa birnin ya daidaita kuɗin shiga da na kashewa bisa ƙa'idojin akanta da aka yarda da su, ya kuma riƙa fitar da tsarin shekaru huɗu. Shekarar kuɗi na farawa 1 ga Yuli. Magajin gari kan gabatar da daftarin farko a Janairu, cikakke a Afrilu, majalisa ta amince kafin ƙarshen Yuni. Saboda haka wanda ya yi alfahari da cewa ya daidaita kasafi duk shekara, abin da doka ta tilasta masa kawai ya yi. Inda gizo ke saƙa shi ne giɓin da tsarin shekaru huɗun ya hango, da kuma irin kuɗin da aka cike na bana da shi. Ofishin kasafi mai zaman kansa na birnin da kwanturola duk suna fitar da nasu ƙiyasin, kuma in ya yi nisa da na magajin gari, to akwai magana.

Harajin gidaje da filaye ne kaɗai babban harajin da birnin ke iya ɗagawa ba tare da Albany ba. Bloomberg ya gaji babban giɓi bayan harin 2001, a ƙarshen 2002 ya ɗaga wannan haraji da kashi 18.5. Farin jininsa ya faɗi, amma kuɗi ne da ke shigowa duk shekara don biyan hidimar da ake yi duk shekara. A gwada da Shikago: a 2008, zamanin magajin gari Richard Daley, an ba wani kamfani hayar mitocin ajiye motoci na shekara 75 a kan dala biliyan 1.15. Babban sufeton birnin ya ƙiyasta an karyar da su da kusan dala biliyan ɗaya, mafi yawan kuɗin kuma ya tafi a toshe giɓi cikin 'yan shekaru. A takarda, biranen biyu duk sun daidaita kasafi.

Sauran nauyin a bayan littafi yake. Ana cin bashi don gina makarantu da gadoji, wannan halal ne a doka, amma a duba kaso nawa na haraji ke tafiya wajen biyansa. A duba kuɗin fansho da na jinyar tsofaffin ma'aikata, waɗanda suka zama babban ɓangare na bashin kusan dala biliyan 18 da ya durƙusar da birnin Detroit a 2013. A duba ribar da aka ɗauka asusun fansho zai riƙa samu, domin idan aka kumbura ta, abin da birni zai zuba a bana sai ya yi kamar kaɗan. Niyok ta rage nata hasashen daga kashi 8 zuwa 7 a ƙarshen zamanin Bloomberg, wanda ya ƙara mata nauyi amma ya fi kusa da gaskiya.

A gefe guda kuma, ranar da ya sauka, yarjejeniyar albashi ta dukkan ƙungiyoyin ma'aikatan birnin ta riga ta ƙare ba a sabunta ba. Shi ya ce birnin ba shi da kuɗin biyan ƙarin albashi na shekarun baya, ƙungiyoyin kuma suka zaɓi su jira wanda zai gaje shi. Kasafinsa na ƙarshe bai nuna cikakken wannan nauyi ba. A watan Mayun 2014 de Blasio ya sasanta da ƙungiyar malamai, aka yarda a biya su ƙarin kashi 4 sau biyu da suke bi tun 2009 da 2010, aka rarraba biyan kashi-kashi har zuwa 2020.