Idan Hoton Ciki Ya Nuna Matsala

Ranar awo ce, layi har bakin ƙofa, wata mai cikin fari ta miƙo mini takardar hoton ciki, hannunta na rawa. Mai hoton ya ce mata yaron ba daidai yake ba, ya sallame ta. Kwana uku ba ta runtsa ba, maigidanta bai sani ba, har maƙwabciya ta yi mata tayin sayo ƙwayar zubar da ciki a kemis. Da aka sake dubawa a asibitin koyarwa, ashe tsagewar leɓe ce, wadda ake ɗinkewa tun jariri yana wata uku zuwa shida.

'Yan'uwana mata, kalmar nakasa tana da faɗi. Akwai tsagewar leɓe da karkacewar ƙafa, ana gyara su. Akwai ruwa a kai, ana sa siririn bututu ya riƙa janye shi. Akwai kuma mai nauyi, kamar jaririn da ƙoƙon kansa da ƙwaƙwalwarsa ba su haɗu ba, wanda ba ya rayuwa bayan haihuwa. Ba za a yi wa waɗannan kuɗin goro ba. Hoto ɗaya bai isa hujja ba. Ki nemi a tura ki wajen ƙwararren likitan mata, kamar a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika da ke Zariya. Ki tambayi sunan matsalar, ko tana gyaruwa, da ko tana barazana ga ranki. Ki je da maigida, nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Wasu kan tambaye ni a asirce, "Anti, ko a cire?" Ba na yi musu tsawa, don na san daga inda tambayar ta fito. A Najeriya doka ba ta yarda a zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Ta fuskar addini, majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, da ta zauna a Makka a 1990 ta ce kafin ciki ya kai kwana 120, idan amintattun likitoci sun tabbatar da mummunar tawayar da ba ta da magani, ya halatta da yardar iyaye; bayan nan sai idan ran uwa na cikin haɗari. Wasu malaman sun fi tsanantawa, don haka ki zauna da malamin da ya san mas'alar. Ƙwayar kemis da jiƙe-jiƙe kuwa, na ga jinin da ke ɓalle wa mata saboda su, ba na fata ko ga maƙiyi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne dangin miji su ce laifin uwa ne, ko a kira yaro ɗan ruwa. Wallahi ba laifinta ba ne.

Wadda ta taɓa samun jariri mai matsalar kai ko ƙashin baya, ta zo tun kafin wani cikin ya shiga, a ɗora ta kan ƙwayar bitamin ta folik asid mai miligiram 5, domin wannan sashen yana rufewa cikin kwana 28 na farko, lokacin da sau da yawa mace ba ta ma gane tana da ciki ba.