Gwajin yawu da sankarar kai da wuya: inda bincike ya kai, da abin da bai kamata a jira ba

Bakin baligi mai lafiya yana fitar da yawu tsakanin rabin lita da lita ɗaya da rabi a kullum. Manyan maɓuɓɓugansa shida ne, uku a kowane gefe: ɗaya a gaban kunne, wadda ke kumbura idan yaro ya yi hangum, ɗaya a ƙarƙashin muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. Kashi 99 cikin 100 na yawu ruwa ne. Ɗan ragowar nan shi masu bincike suka sa wa ido, domin yawu dare da rana yana wanke harshe da dasashi da ganɗa da cikin kumatu, kuma duk abin da tsokar wurin ta zubar, a cikinsa yake faɗawa. Idan sankara ta fara tsiro a baki, ita ma tana zubar da nata.

Abin da likitoci ke kira sankarar kai da wuya ya ƙunshi ta leɓe da baki, ta maƙogwaro, ta akwatin murya, ta hanci da bayan hanci, da ta maɓuɓɓugan yawu. Kusan 9 cikin 10 daga siririyar fatar da ta lulluɓe waɗannan wurare suke tasowa. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 390,000 suka kamu da ta leɓe da baki kaɗai, kimanin 188,000 suka rasu. Lokacin da aka gano ta shi ke raba gardama. A alƙaluman Amurka, idan an kama ta tana wuri ɗaya, fiye da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Idan ta bazu zuwa sassa masu nisa, adadin yana sauka zuwa wajen 40.

Alamomin da ake nema a yawu iri-iri ne. Akwai guntayen DNA, wato sinadarin gadon halitta, na ƙwayoyin sankarar kanta, masu ɗauke da sauyin da ya lalata su, musamman a ƙwayar gadon da ake kira TP53. Akwai DNA na ƙwayar cutar HPV nau'i na 16, wadda ke haddasa yawancin sankarar tonsil, wato tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro, da ta gindin harshe a Amurka da wasu ƙasashen Turai. Akwai kuma sinadaran da jiki ke fitarwa idan wuri ya kumbura, irin su IL-8, da wasu irin su CD44 da CYFRA 21-1, sai guntayen RNA, wato sinadarin da ke ɗaukar saƙon DNA, da ke ƙaruwa ko raguwa idan akwai ciwon. Farfesa David Wong na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas na cikin waɗanda suka buɗe wannan fage. A 2004 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa wasu RNA a yawu suna bambanta masu sankarar baki da masu lafiya.

Binciken da ya fi koya mana iyakar abin shi ne na Jami'ar Johns Hopkins a 2015, a kan majinyata 93. An samu DNA na sankara a yawun duk masu ciwon a cikin baki. Amma a masu ciwon can ƙasa ko can baya, a maƙogwaro da akwatin murya, tsakanin 47 da 70 cikin 100 kawai yawu ya nuna, jini ya fi shi kamawa. A mutum 47 da aka gwada yawu da jini tare, an gano 96 cikin 100. Dalilin a fili yake: abin da yawu ya taɓa shi yake ɗauka. A 2020 kuma masu bincike a Birisben ta Ostareliya suka ba da rahoton wani mutum da ba ya jin ciwon komai, amma HPV 16 na ta ƙaruwa a ruwan kurkurar bakinsa tsawon wata 36. Da aka cire tonsil ɗinsa, sai ga sankara mai faɗin milimita 2, ba ta kai ƙwayar dawa ba.

Ɗibar yawun tana da ƙa'ida, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Ana so a ɗiba da hantsi, lokaci ɗaya ga kowa, saboda sinadaran yawu suna sauyawa daga safe zuwa dare. Aƙalla awa ɗaya kafin nan ba ci, ba sha, ba taba, ba cingam, ba goge baki. A nan ƙasar sai a ƙara da goro da asuwaki: goro yana rina yawu ya bar dusa a ciki, asuwaki da buroshi kuma suna sa dasashi ya ɗan yi jini, jinin kuwa ko ɗigo ne yana kawo nasa sinadaran ya dagula lissafi. Mutum ya kurkure baki da ruwa zalla, ya jira minti 10. Sai ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai, ya bar yawu ya taru da kansa, ya riƙa zubawa a kwalbar da ke zaune cikin ƙanƙara. Baki a hutunsa yana fitar da kamar sulusin mililita a minti, don haka mililita 5 kan ci kusan minti 15. Mai gaggawa yakan yi kaki ya tofa, wannan kuwa daga ƙirji ya fito, ba shi ake nema ba. Idan HPV ake bi, ana ba da mililita 10 na ruwan gishirin asibiti, a kurkura a baki, a ɗaga kai ya kai maƙogwaro, jimla daƙiƙa 30, sannan a tofa a kwalba.

Daga nan agogo ya fara bugawa. Yawu cike yake da ƙwayoyin bakteriya da sinadaran da ke narkar da RNA da furotin, zafi kuma yana ƙara musu sauri. A ɗakin gwaji ana juya kwalbar a na'urar tacewa minti 15 a sanyin digiri 4, a kwashe ruwan sama, a zuba maganin da ke hana narkewar, a ajiye a firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Kwalbar da ta yini a aljihun ɗan acaba a watan Afrilu, ko firizar da wuta ta ɗauke mata ta narke ta sake daskarewa, sakamakonta ba abin dogaro ba ne ko da na'urar awon ta fi kowace tsada. Mai azumi, da mai shan maganin da ke busar da baki, da wanda aka yi wa gashin sankara, wato ƙona ta da hasken na'ura, a wuya, yawunsu kaɗan ne kuma mai kauri, dole a rubuta hakan a takardar samfurin.

Ko an kiyaye duk wannan, akwai sauran rina a kaba. Ciwon dasashi, wanda ya zama ruwan dare a cikin manya, shi ma yana ɗaga IL-8, sai gwaji ya tayar wa mai lafiya hankali. Samun HPV a baki ba ya nufin sankara, yawancin mutane jikinsu yana kawar da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Yawancin binciken kuma an yi su ne a kan waɗanda aka riga aka san suna da ciwon, aka kwatanta da masu lafiya ƙalau, hakan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan tsamo mutum ɗaya daga cikin dubban masu zuwa asibiti. Shi ya sa a 2017 Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka ta ce kada a dogara da gwaje-gwajen yawu na kasuwa wajen yanke hukunci a kan ciwon baki. Duk wanda ya tallata maka kwalba ya ce tofi ɗaya zai wanke ka daga sankara, ka riƙe kuɗinka. Har gobe abin da ke tabbatar da ciwon shi ne a yanki ɗan tsoka daga wurin a duba ta a madubin likita.

Abin da ke hannunmu yanzu ido ne da yatsa, kuma an gwada ƙarfinsu. A jihar Kerala ta Indiya an horar da ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida suna duba baki da haske. Rahoton 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu taba da masu giya. Dubawar ba ta wuce minti 5: a cire haƙoran roba, a ɗaga leɓe sama da ƙasa, a duba cikin kumatu, a kama harshe da ɗan ƙyallen bandeji a ja shi dama da hagu, saboda gefensa da ƙarƙashinsa nan ciwon ya fi ɓuya, sannan a shafa wuya daga bayan kunne zuwa ƙashin wuya.

Mako uku shi ne ma'auni. Gyambon baki da bai warke ba, tabo fari ko ja da ba ya gogewa, dishewar murya, zafin haɗiya, ciwon kunne ɗaya ba tare da ruwa ba, haƙorin da ya yi girgiɗi babu dalili, toshewar hanci gefe ɗaya da haɓo, ko kaluluwa mai tauri a wuya wadda ba ta zafi: duk wanda ya haura mako uku, sai likitan haƙori ko na kunne da hanci da maƙogwaro. Rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Don Allah kada a kai irin wannan kumburi wurin sakiya ko tsaga, kada kuma a yi ta sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis zagaye bayan zagaye. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna duk suna da masu wannan aiki.

Masu sigari da shisha, da masu cusa garin taba a leɓe, da 'yan'uwanmu na Sudan masu tumbak, wato irin tasu tabar cusawa, da masu haɗa taba da giya, su ya fi kamata a duba musu baki ko sau ɗaya a shekara ko ba sa jin komai. Mai cusa taba ya fara nuna wa ma'aikacin lafiya daidai gurbin da yake ajiye ta. Rigakafin HPV da Najeriya ta fara bai wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023 domin sankarar bakin mahaifa ya ƙunshi nau'i na 16, wanda ke haddasa sankarar tonsil, kuma allura ɗaya ce.