Tambayoyi da amsoshi kan koɗewar rubutu daga kartush da ake ɗura wa tawada

A Damagaram, daga shagunan buga takardu na kewayen Kasuwar Dole zuwa waɗanda ke yi wa ɗaliban Jami'ar André Salifou aiki, da wuya a sami mai sayen sabon kartush, wato ɗan akwatin tawada da ake sa wa na'urar buga takardu, duk lokacin da tawada ta ƙare. Huda shi ake yi, a sa masa toshi na roba, a riƙa ɗura tawada da sirinji. Dabara ce mai rage kashe kuɗi ƙwarai, sai dai ƙorafin da ke biye da ita kusan ɗaya ne: an cika kartush, amma rubutu na fita dishi-dishi.

Yanzu na ɗura tawada, me ya sa rubutun ya koɗe?

Mafi yawan lokaci iska ce ta shiga tsakanin tawada da kafofin da ke fesa ta. A cikin kartush irin HP 123 ko Canon PG-445 akwai soso da ke riƙe tawada yana sakinta kaɗan-kaɗan. Idan aka bar soson ya bushe ƙarau kafin a ɗura, ko aka tsaya da bakin allura a sama-sama, ko aka danna sirinji da gaggawa har tawada ta yi kumfa, sai saman soson ya jiƙe ƙasansa kuwa ya zauna da iska. Abin da ya dace shi ne a tura allura cikin soson, a ɗura a hankali, sannan a ajiye kartush bakinsa na kallon ƙasa na ɗan lokaci. In akwai maƙalin nan na roba da ake kama bakin kartush da shi, a ja da sirinji har tawada ta biyo ba kumfa. Daga nan a dangwala bakin a kan takarda mai laushi: baƙin kartush ya kamata ya bar layi ɗaya baƙi ƙirin, na launi kuma layuka uku a rarrabe, shuɗi da ja da rawaya.

Shafin farko yana fita da kyau, na uku ko na huɗu ya dushe. Mene ne dalili?

Wannan alama ce ta toshewar kafar shan iska. Tawada ba ta sauka sai iska ta maye gurbinta, kamar yadda mai ba ya zuba sosai daga jarkar da aka buɗe wa baki ɗaya kawai. Mutane da yawa, don gudun yoyo, sukan liƙe saman kartush gaba ɗaya da salatif, su rufe har da wannan ƙaramar kafa. A rufe ramin ɗuri, a bar na iska a buɗe.

Zan iya ci gaba da bugawa a haka har in gama aikin da ke hannuna?

A'a, kuma a nan ne nake ganin an fi yin asara. Kartush na HP da Canon da zafi suke aiki: a bayan kowace kafa akwai ɗan mitsitsin abin dumama da ke tafasa tawada ya harba ɗigo a kan takarda, kuma ita tawadar ce ke sanyaya shi. Idan ba ta isowa, abin dumaman yakan ƙone, ƙonewar kuwa ba ta da gyara. Na san wuyar dakatar da aiki lokacin da ɗalibi ke tsaye da kundinsa mai shafi 60 yana jira, amma minti goma na gyara sun fi sauƙi a kan sayen wani kartush. Na'urorin Epson ba su amfani da zafi, matsa tawada suke yi, amma su ma iska a ciki na ɓata musu bugu.

Idan na'urar ta kwana biyu ba a yi aiki da ita ba fa?

To, bushewa ce. Iskar hunturu da ƙurarta, da zafin watannin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, suna daskarar da tawada a bakin kafofi cikin ƴan kwanaki. A fara da umarnin wanke kafofin fesa tawada da ke cikin na'urar, amma kada a wuce sau biyu ko uku a jere, domin kowane wanki tawada yake sha. In bai yi ba, a ninka takarda mai laushi, a jiƙa ta da tataccen ruwa mai ɗumi, a ɗora bakin kartush a kai minti biyar zuwa goma. Tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota ya wadatar, muddin an tabbatar ba mai asid ba ne. Ruwan famfo ko na rijiya yakan bar gishiri a kafofin. Kada ruwa ya taɓa ƙarafunan tagulla na bayan kartush, kuma a busar da shi sarai kafin a mayar. Buga shafi ɗaya mai launi kowane mako da rufe na'urar da ƙyalle suna hana yawancin wannan.

Kartush ɗin da ƴan bututu ke kawo wa tawada daga tankuna a gefen na'urar, shi ma haka ne?

Nasa ya ƙara da sharaɗi ɗaya: tankunan su zauna a kan teburi ɗaya da na'urar. In sun yi ƙasa tawada takan koma baya rubutu ya koɗe, in sun yi sama ta yi ta ɗiga. A kuma duba bututun, kada ya lanƙwashe ko a ga dogon fili na iska a ciki.

Ko laifin tawadar ce kanta?

Yana yiwuwa. Baƙar tawadar ainihi a irin waɗannan kartush mai ƙwayoyin launi ce, ta fi duhu a kan farar takarda. Idan aka ɗura wadda launinta narkakke ne, rubutu kan ɗan yi toka-toka ko da komai lafiya yake. Haɗa iri biyun a soso ɗaya na iya sa su yi gudaji. Kafin a zargi tawada dai, a leƙa saitin bugawa a kwamfuta, domin sau da yawa an bar shi ne a kan tsimin tawada.

Yaushe zan haƙura da kartush?

A buga shafin gwajin kafofi kafin wanki da bayansa. Idan giɓin da ke cikin layukan yana sauya wuri, iska ce ko toshewa, akwai sauran gyara. Idan kuwa bakin kartush yana barin cikakken layi a kan takarda mai laushi, amma giɓin gwaji yana nan a wuri ɗaya bayan an jiƙa an wanke, abubuwan dumama ne suka ƙone, sai a nemi wani kartush a huda.