Matakan daƙile zazzaɓin aladu na Afirka

Zazzaɓin aladu na Afirka cuta ce mai saurin kisa wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, tana kuma kama aladun gida da na dawa kaɗai. Ba ta kama mutum, haka nan ba ta taɓa shanu ko tumaki ko awaki, amma idan nau'inta mai tsanani ya shiga garke yana iya kashe kusan dukkan aladun da ke ciki cikin kwanaki kaɗan. Da yake ba ta da magani, hanyar da hukumomi ke bi wajen yaƙi da ita ita ce ta doka: tilasta kai rahoto, killace wurin da ta ɓulla, hana zirga-zirgar dabbobi da namansu, da kashe waɗanda suka kamu. Ya kamata a bambanta ta da wata cutar mai kama da ita, wadda ake kira kwalarar aladu, domin ita waccan tana da allurar rigakafi tun da daɗewa.

Asali da yaɗuwa

An fara bayyana cutar a rubuce a ƙasar Kenya a 1921. A dazukan gabashi da kudancin Afirka ƙwayar tana zaune a jikin gadu, wanda ba ta yi masa lahani, da jikin wata irin kaska mai laushi da ke zama a ramukansa. Ta isa Fotugal a 1957, ta sake komawa a 1960, sannan ta bazu zuwa Sifaniya, wadda ba ta rabu da ita ba sai a 1995. A 2007 ta ɓulla a Jojiya, daga nan ta ratsa Rasha da gabashin Turai, har ta kai ƙasar Sin a watan Agusta na 2018.

A Afirka ta Yamma annobar ta tashi a Kodebuwa a 1996, ta kai Jamhuriyar Benin a 1997, kuma a shekarar ce ta tsallako iyaka zuwa jihohin Ogun da Legas. Tun daga lokacin ba ta bar Najeriya ba. Ɓarkewar da aka fi tunawa da ita ita ce ta 2020 a Oke-Aro, babban matattarar masu kiwon aladu da ke kan iyakar Legas da Ogun, inda dubban ɗaruruwan aladu suka salwanta. Yanayin wurin ya taimaka wa cutar ƙwarai, domin ɗakunan masu kiwo daban-daban suna manne da juna, ma'aikata da dillalai da motocin abinci kuma suna bin hanyoyi guda.

Dokoki da hukumomi

Cutar tana cikin jerin waɗanda dole ne ƙasashe su sanar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedikwata a Faris, wadda aka kafa a 1924. A Najeriya tushen ikon hukuma shi ne Dokar Daƙile Cututtukan Dabbobi ta 1988, wadda aka sake da sabuwa a 2022. Dokar ta ɗora wa mai dabba alhakin sanar da jami'in lafiyar dabbobi idan ya ga alamar cuta, ta kuma ba jami'ai ikon killace wuri da tsayar da safarar dabbobi. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar gwajin jini ko saifa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ce babban wurin wannan gwaji. Hukumar killace kayan gona ta ƙasa ita ke lura da mashigai, wanda a Legas ya haɗa da tashar jiragen ruwa ta Apapa, filin jirgin sama na Murtala Muhammed, da iyakar Seme.

Dalilin sa ido a mashigai shi ne juriyar ƙwayar cutar. Tana yin watanni a raye cikin naman da aka busar ko aka zuba wa gishiri, ta fi haka daɗewa a cikin daskararren nama. Ana danganta shigarta Fotugal da ragowar abincin jirgin sama da aka ba aladu, shigarta Jojiya kuma da sharar abincin jiragen ruwa. Saboda haka Tarayyar Turai ta haramta ciyar da aladu da ragowar abincin mutane baki ɗaya, yayin da ƙa'idar duniya ta ce sai an tafasa irin wannan abinci a zafin digiri 90 na tsawon awa guda ana juyawa. A birni kamar Legas, inda ragowar abincin otal-otal da gidajen abinci ke da araha fiye da masara, wannan ƙa'ida tana da wuyar tabbatarwa.

Abin da ake yi idan cutar ta ɓulla

Da zarar an tabbatar da ita, ana rufe gonar, a kashe aladun da ke ciki, a binne su a rami mai zurfi ko a ƙona su, sannan a wanke ɗakuna da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a bar su fayau na wani lokaci kafin a sake zuba wasu. A Turai ana shata yankin kariya mai nisan aƙalla kilomita 3 daga gonar, da yankin sa ido na kilomita 10, inda ake taƙaita fitar da alade ko namansa. Alamomin cutar kan bayyana tsakanin kwana 4 zuwa 19 bayan kamuwa, don haka dabbar da ake gani lafiya ƙalau tana iya ɗauke da ita zuwa wata kasuwa.

A nan ne maganar diyya ta zama ginshiƙin lamarin. Mai kiwon da ya san za a kashe masa garke ba tare da an biya shi ba, da wuya ya kira likitan dabbobi; abin da zai yi shi ne ya karya farashi ya sayar wa dillali da gaggawa kafin sauran su mutu, kuma ta haka ne cutar ke tsallake kowane shinge da doka ta kafa. Sifaniya ta yi nasara ne bayan ta haɗa kisa da biyan diyya da yi wa gonaki rajista. A Haiti kuwa, inda aka kashe aladun ƙasar gaba ɗaya a farkon shekarun 1980, an kawar da cutar a lokacin, amma talakawan karkara sun rasa abin da suka ɗauka a matsayin asusunsu, kuma cutar ta dawo ƙasar a 2021.

Inda abin ya shafi Hausawan Legas

Galibin Hausawan Agege da Mile 12 da Idi-Araba Musulmi ne da ba su kiwon alade kuma ba su cin namansa, sai dai ƙwayar cutar tana bin tayar mota da takalmi da buhu. Masara da dusa da waken soya da ake saukewa daga Arewa suna cikin abincin gonakin aladu, kuma motar da ta shiga gonar da ta kamu tana iya kai cutar wata gonar idan ba a wanke ta ba. Haka nan akwai masu jin Hausa daga kudancin Kaduna da Filato da ke cikin wannan sana'a kai tsaye, domin kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan na daga cikin manyan wuraren da ake lodin aladu zuwa kudu. Shi ya sa ƙa'idojin gona suka tanadi kwarmin ruwan magani a bakin ƙofa, da hana baƙi shiga ɗakunan dabbobi, da ware sabuwar dabba na kimanin wata guda kafin a haɗa ta da sauran.

A 2023 ƙasar Biyetnam ta amince da sayar da alluran rigakafi guda biyu da aka yi da ƙwayar cutar da aka raunana, amma yawancin ƙasashe ba su karɓe su ba tukuna, saboda fargabar cewa raunanniyar ƙwayar tana iya sake yin ƙarfi ko ta cakuɗa da wadda ke yawo a gonaki.