Maƙabarta da Gidan Tunawa na Sansanin Stalag 326 a Jamus

Stalag 326 sansani ne da sojojin Jamus suka tsare fursunonin yaƙi a cikinsa daga 1941 zuwa 1945. Yana yankin Senne, a gefen garin Stukenbrock, tsakanin Bielefeld da Paderborn. Mafi yawan waɗanda aka tsare sojojin Tarayyar Sobiyet ne, kuma kimanin 300,000 daga cikinsu sun ratsa ta wannan sansani kafin dakarun Amurka su iso ranar 2 ga Afrilu, 1945. A Yaƙin Duniya na Biyu baki ɗaya Jamus ta kama sojojin Sobiyet wajen miliyan 5.7, fiye da miliyan 3 suka mutu a hannunta.

Abin da ya kashe su

Ayarin farko ya iso a watan Yulin 1941, ya tarar da fili da waya mai ƙaya, babu ɗakunan kwana. Fursunoni suka riƙa tona ramuka a cikin rairayi suna rufewa da rassa don su sami mafaka. Abincin da aka yanka musu bai kai na riƙe rai ba. Yunwa ta buɗe ƙofa ga atini da tarin fuka da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa. Daga 1942 sansanin ya zama wurin tantance masu sauran ƙarfi ana tura su haƙar kwal a yankin Ruhr, wanda aiki ya cinye kuwa a dawo da shi. Hujjar gwamnatin Nazi kan wannan azaba ita ce wai Tarayyar Sobiyet ba ta sa hannu a yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan kula da fursunonin yaƙi ba. Wannan hujja ba ta da tushe, domin dokokin yaƙi na ƙasa da ƙasa sun wajabta wa Jamus kula da fursunoni ko da abokin gabarta bai sa hannu ba.

Wuri biyu ne, ba ɗaya ba

Nan ne baƙi suka fi yin kuskure. Maƙabartar daban take, tsohon sansanin daban, da 'yar tafiya a tsakaninsu. Maƙabartar a buɗe take, ba a biyan kuɗin shiga. Shi kuwa filin sansanin yanzu makarantar horar da 'yan sanda ce ta jihar North Rhine-Westphalia, gidan tunawar da aka buɗe a 1996 yana cikin harabarta, a tsohon ginin kurkukun sansanin. Don haka sai an nemi izini tun kafin ranar, a kuma riƙe fasfo ko katin shaida, domin akwai masu tsaro a bakin ƙofa. Wanda ya zo kwatsam yana iya komawa bai ga komai ba sai shinge. Ginin da ake kashe ƙwarƙwatar kayan fursunoni a ciki shi ma yana nan tsaye.

Mai mota zai bi babbar hanya ta A33 ya sauka a Stukenbrock-Senne. Mai jirgin ƙasa zai hau layin Bielefeld zuwa Paderborn ya sauka a Hövelhof, tashar da ake sauke fursunonin a kora su da ƙafa zuwa sansani. Daga nan akwai sauran kilomitoci, gara a shirya tasi ko keke tun da wuri.

Cikin maƙabartar

Da an shiga za a ga dogayen layuka 36, kowanne ya haura mita 100, ciyawa ta rufe su, da dutse a kan kowane layi. Ba gefen hanya ba ne, kaburbura ne na bai ɗaya, inda aka jera gawarwaki kan gawarwaki. Bai kamata a taka su ko a zauna a kai ba. Fursunonin da suka tsira su ne suka gyara wurin da hannunsu cikin makonnin farko bayan 'yantar da su, suka gina doguwar hasumiya mai jajayen taurari, aka ƙaddamar da ita ranar 2 ga Mayu, 1945. Da farko jar tuta ce a samanta. A shekarun 1950, lokacin yaƙin cacar baka, hukumomi suka cire ta suka sa gicciye, kuma an daɗe ana jayayya a kan haka.

Rubutun hasumiyar, da Rashanci da Turanci da Jamusanci, ya ambaci mamata 65,000. Ƙiyasin masana tarihi yana farawa daga wajen 15,000 ya kai wannan adadi, saboda a watannin mafi muni ba a rubuta kowace mutuwa ba. Rubutun ya kira su sojojin Rasha, alhali akwai 'yan Yukiren da Belarus da Tatar da Uzbek da Kazak, Kirista da Musulmi da Yahudawa. Duk farkon watan Satumba, tun 1967, jama'a na taruwa su ajiye furanni. Shugaban Jamus na lokacin, Joachim Gauck, ya yi jawabi a wurin ranar 6 ga Mayu, 2015, kuma a shekarar ce majalisar dokokin ƙasar ta amince a ba kowane tsohon fursunan Sobiyet da ke raye Yuro 2,500.

Neman sunan mamaci

Kowane fursuna da aka yi wa rajista yana da kati mai lamba, da sunansa da na mahaifinsa, da garin haihuwa, sau da yawa har da hoto ko tambarin yatsa. Bayan yaƙi aka kwashe da yawa daga katunan zuwa rumbun soja na Podolsk kusa da Mosko, yanzu kuma ana duba su a intanet a rumbun OBD Memorial. Matsalar ita ce akawun Jamus ya rubuta sunayen yadda kunnensa ya ji, suna ɗaya kan fito da rubutu iri uku ko huɗu. Mai bincike ya gwada kowane salo, ya haɗa da shekarar haihuwa da sunan ƙauye. In katin ya fito, a aika wa ma'aikatan gidan tunawar lambar kafin tafiya, su duba ko sunan yana cikin dubban da aka zana a allunan maƙabartar. Katin kan nuna ranar mutuwa, amma ba kasafai yake nuna daidai inda mutum yake kwance a cikin layi ba.