Cinikin kwaskwarimar wasannin bidiyo

Kwaskwarimar wasan bidiyo, wadda aka fi sani da mod, ita ce sauyin da mai sha'awar wasa yake yi wa wasan da wani kamfani ya fitar: ya canja riguna, ya ƙara filaye ko motoci, ko ya sake fasalin wasan ɗungurungum. Masu buga wasan ƙwallo na bidiyo sun fi ce mata faci. Yin ta don amfanin kai, ko raba ta kyauta, bai cika tayar da ƙura ba. Rigimar takan taso ne idan aka sa mata farashi.

Asali

Al'adar ta bunƙasa da wasan Doom na 1993, wanda kamfanin id Software ya tsara yadda 'yan wasa za su iya ƙera nasu matakan. Counter-Strike ma da kwaskwarima ya fara: Minh Le da Jess Cliffe ne suka gina shi a kan Half-Life a 1999, daga baya kamfanin Valve ya sayi haƙƙinsa ya ɗauke su aiki. Haka Dota ya tsiro daga cikin Warcraft III.

A arewacin Kamaru da Chadi, ta wasan ƙwallo aka fi sanin abin. Kamfanin Konami bai mallaki lasisin ƙungiyoyi da dama ba, har akwai shekarun da Manchester United take fitowa a wasansa na ƙwallo, PES, da sunan Man Red. Faci ne yake mayar da sunaye da bajoji, ya sabunta 'yan wasa bayan kowace kakar saye da sayarwa. Mai hannu na iya cusa Coton Sport ta Garwa, ko filin Roumdé Adjia, a wasan da bai taɓa jin labarinsu ba. Fayil ɗin yakan bi ta filash ko memori, daga kwamfutar mai tura waƙoƙi zuwa wayar yaron da ke wasa da manhajar PPSSPP mai kunna wasannin na'urar PSP a waya, a biya hannu da hannu ko ta Orange Money.

Matsayin doka

Kamaru da Chadi duka suna cikin yarjejeniyar Berne, kuma mambobi ne na OAPI, ƙungiyar kare mallakar fasaha mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Kamaru tana aiki da doka mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000, Chadi kuma da doka mai lamba 005/PR/2003, tare da hukumar BUTDRA mai kula da haƙƙin mawallafa. A wannan tsari ana kare manhajar kwamfuta kamar yadda ake kare littafi, kuma sarrafa aikin wani a fitar da sabo daga cikinsa yana bukatar izinin mai shi. Faci guda na iya taɓa haƙƙin mutum uku: kamfanin wasan, ƙungiyar da aka ɗauki bajonta, da wanda ya zana rigar tun farko. Ga kuma sharuɗɗan da ake danna amincewa da su lokacin saka wasa, waɗanda kusan ba mai karantawa.

Shari'o'in da aka fi kafa misali da su na Amurka ne. A 1992 kamfanin Nintendo ya sha kaye a ƙarar da ta shafi Game Genie, na'urar da ke sauya yadda wasanninsa suke gudana, saboda kotu ta ga canjin da take yi na ɗan lokaci ne, ba ta samar da wani sabon aiki tabbatacce. Kamfanin Micro Star kuwa ya kwashe matakai 300 na Duke Nukem 3D da 'yan wasa suka ƙera kyauta, ya zuba a faifai yana sayarwa, a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta ce wannan shiga gonar masu wasan ne. Hukuncin Amurka ba ya ɗaure alƙali a Marwa ko Njamena, amma kamfanonin kan rubuta sharuɗɗansu da shi a zuciya.

Kowane kamfani da nasa ra'ayin. Kamfanin Mojang ya hana sayar da kwaskwarimar wasansa Minecraft, amma akwai kasuwar wasan ta kamfanin kansa tun 2017. Kamfanin EA ya bayyana a 2022 cewa kwaskwarimar wasansa The Sims 4 dole ta zama kyauta, sai dai a ba masu tallafa wa maƙerin damar samu da wuri na ɗan lokaci.

Muhawarar dacewa

Gwaji mafi shahara ya faru a Afrilun 2015, lokacin da Valve da kamfanin Bethesda, mai wasan Skyrim, suka buɗe sayar da kwaskwarimar wasan a Steam, shagon wasanni na Valve a intanet. Maƙerin yana samun kashi 25 cikin ɗari, Bethesda 45, Valve 30. Ko mako ba a yi ba aka janye tsarin. Rabon ya ɓata wa mutane rai, amma abin da ya fi tono matsalar shi ne yadda kwaskwarima take jingina da juna: wani ya sa wa aikinsa kuɗi alhali a cikinsa akwai na wani da ya bayar kyauta.

Masu goyon bayan ciniki suna cewa wahalar watanni ce, ga kuɗin data, ga ɗaukewar wuta, kuma mai aiki ya cancanci ladansa. Hujja ce mai ƙarfi idan mutum shi ya zana, shi ya haɗa. Tana raunana sosai ga wanda ya sauke facin wani daga intanet, ya goge sunan mai shi ya liƙa nasa; wannan cin gumin wani ne, kuma wanda aka cuta ba kamfani ba ne, ɗan'uwansa ne mai sha'awa.

Ta fuskar Musulunci ana kawo hadisin Hakim bin Hizam da ya hana mutum sayar da abin da ba ya hannunsa, da kuma matsayar Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC a zamanta na Kuwait a 1988, wadda ta amince cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da ba a yarda a taka ba. Daga nan wasu ke bambanta kuɗin aikin saka faci a na'urar abokin ciniki da kuɗin facin kansa. Maƙera da yawa a waje sun zaɓi su bar fayil kyauta su karɓi gudummawa ta shafin karɓar tallafi na Patreon, ko ta tsarin rabon kuɗi da Nexus Mods, shafin da ake ɗora kwaskwarima, ya fara a 2018.