Ƙananan gidajen dutse na tarihi

Ƙananan gidajen dutse na tarihi su ne gidajen da manoma, makiyaya da masunta suka gina wa kansu da duwatsun da ke kusa da su, ba tare da mai zanen gini ba. Galibinsu ɗaki ɗaya ne ko biyu, bango mai kauri, tagogi ƙanana. Wasu an ɗora duwatsunsu ne kawai ba kwaɓi, nauyi da iya jeri ke riƙe da su. Wasu kuma an haɗa su da kwaɓin laka ko na farar ƙasa.

A garin Alberobello da ke kudancin Italiya akwai irinsu fiye da 1,500, ana ce musu trulli. Magini kan jera faifan dutse zagaye bisa zagaye, kowane layi ya ɗan shigo ciki fiye da na ƙasansa, har rufin ya haɗe a sama kamar malafa. Ana yawan cewa an ƙi sa kwaɓi ne don a rushe gidan da sauri idan masu karɓar haraji sun taho, amma wannan ya fi kama da labarin baka. Hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1996.

Baƙaƙen gidajen tsibirin Lewis na Sikotland daban suke. Bango biyu ne, an cika tsakaninsu da ƙasa, an yi jinka da ciyawa, an ɗaure ta da igiyoyi masu duwatsu a rataye saboda iska. Murhu na tsakiyar ɗaki, babu bututun hayaƙi, mutane da shanu kuma rufi ɗaya ya lulluɓe su. Idan jinkar ta sha kunkunniya sai a sauke ta a kai gona ta zama taki. Wani irin gidan a ƙauyen Arnol, sai a shekarun 1960 masu shi suka tashi, yanzu gidan tarihi ne.

Kariyar doka ta daɗe ba ta iso ga irin waɗannan gidaje ba, domin an fi damuwa da fadoji da manyan majami'u. Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta shafi adana gine-ginen tarihi a duniya, ta ce ƙaramin gini ma kan zama abin tarihi, sannan ƙungiyar ICOMOS, mai kula da gine-gine da wuraren tarihi a duniya, ta fitar da ƙa'idojin gine-ginen gargajiya a Meziko a 1999. A 2018 UNESCO ta amince da sana'ar jera dutse ba kwaɓi a matsayin gadon ɗan Adam. A Ingila, gidan da ya shiga rajistar gine-ginen tarihi ba a sauya masa fasali sai da izinin ƙaramar hukuma.

Sai dai doka ba ta hana mugun gyara, wanda sau da yawa ya fi tsufa ɓarna. Kwaɓin farar ƙasa yana barin danshi ya fita, yana kuma bin bango idan ya ɗan motsa. Siminti kuwa ya fi dutse mai laushi tauri: yana tsare ruwa a cikin bango, sanyi ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa, simintin na nan daram. Shi ya sa masu gyara kan ƙwaƙule shi a hankali da kurfi da guduma, su mayar da farar ƙasa, su bar ta ta bushe sannu a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu.